Yadda Ake Jinyar Ƙadangaren Ruwa Idan Ya Rame

Ƙadangaren ruwa, wanda Turawa ke kira niyut, siffarsa ce kawai ta ƙadangare, amma ɗan'uwan kwaɗo ne, kuma fatarsa tana tsotsar duk abin da ke cikin ruwan da yake zaune. Saboda haka idan ka ga ƙasusuwan ƙugunsa sun fito, cikinsa ya shafe, wutsiyarsa ta motse, ga abinci a gabansa amma ko kallo bai ishe shi ba, to ka fara da binciken zafi da ruwa tun kafin ka yi maganar ciyarwa.

Yawancinsu sun fi jin daɗin yanayin da ke tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salsiyos, kuma da zarar zafi ya haura 23 sukan daina ci su galabaita. Ka mayar da shi wuri mafi sanyi a ɗakin, inda rana ba ta kaiwa. Ruwan famfo kuwa ba ya halatta sai an cire masa sinadarin kulorin, sannan a auna a tabbatar babu sinadarin amoniya mai cutarwa ko kaɗan.

Ka ware shi a cikin mazubin roba mai tsabta, ka shimfiɗa farar takardar tishu mai danshi, ka kife masa wani ɗan abu da zai ɓuya a ƙarƙashi, ka rufe da murfi mai ƙananan huji, domin ko yana ciwo gwanin hawa bango ne. Ruwan da za ka ajiye masa kada ya shanye kansa, saboda wanda ƙarfinsa ya ƙare yana iya nutsewa. A sauya takardar kullum.

A wajen abinci ban ga abin da ya kai tana ba, wadda aka tono daga ƙasar da ba a yi wa feshin magani ba. Ka yanka ta gutsi-gutsi, kowane yanki bai wuce faɗin kansa ba, ka ɗauka da hantsaki ka riƙa motsa shi a hankali daf da hancinsa bayan faɗuwar rana, domin motsi ne ke jan hankalinsa. Idan ya kau da kai, ka ajiye yankin ka bar wurin, da safe ka kwashe abin da ya rage. Kaɗan-kaɗan kowace rana ya fi masa amfani, kuma kada ka taɓa buɗe bakinsa da ƙarfi. Ka riƙa auna nauyinsa a sikelin giram duk mako kana rubutawa.

Ɗaukarsa sai da dalili, da jiƙaƙƙiyar safar hannu ta roba, don fatarsa tana fitar da guba. Idan gyambo ya bayyana, ko ya kumbura, ko ramar ta ci gaba alhali yana ci, ka kai shi ga likitan dabbobi tare da sabon kashinsa a duba tsutsar ciki. Kada ka gwada masa maganin kifi da ka. Gyambon fata yana iya zama cutar fungas ta Bsal, wadda masana suka bayyana a 2013 bayan ta yi ɓarna a Holan, don haka ruwan jinyarsa ba a zubar da shi a rafi ko lambu, gudun kada cutar ta yaɗu.