Haɗa wa kare busasshen ɗanyen nama da abincin buhu

Jama'a, masu karnukan farauta da na gadi, kada ku zuba musu busasshen ɗanyen nama a bushe. Ku jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar minti 10 har ya kumbura, sannan ku rage abincin buhun (abincin kare na kanti), domin ɗan kaɗan na naman ma yana ƙosarwa. Ni da cokali biyu na fara, ina ƙarawa har kwana 10. Ranar da na yi gaggawa, karena ya kwana yana zawo a tsakar gida.

Kilishi kam a'a, albasar cikinsa tana lalata jinin kare. In ya dawo daga gudu yana haki, a bari ya huce awa ɗaya kafin ya ci. A wanke kwanonsa da sabulu, a wanke hannu ma, ɗanyen nama yana iya ɗaukar ƙwayar cutar Salmonella mai sa zawo.