Yadda zaka haɗa wayoyin dinamo ka gano matsalar caji a tsohuwar mota

Toh 'yan uwa, duk mai riƙe da tsohuwar Land Rover ko Volkswagen ƙwaro irin na da yasan wannan jar fitilar dake kan dashbod, ranar da taƙi mutuwa bayan mota ta tashi hankali baya kwanciya. Abinda ke damuna shine da ka kai wajen mai rewaya a Kurmin Mashi maganar farko itace a cire dinamon a saka altaneta, alhali sau da yawa dinamon lafiyarsa ƙalau, fanbel ne ko buroshi ko waya ɗaya da tayi tsatsa. Ni Land Rover ɗin mahaifinmu nake riƙe da ita, Lucas C40 ne a jikinta mai bada amfiya 22, kuma har yau yana caji.

Fara sanin wayoyin tukunna. A bayan dinamon Lucas baki biyu ne kawai, babba shine D, ƙarami shine F. D ne ke fitar da wuta, F kuma yana ciyar da kwal ɗin dake manne a cikin gangar. Su biyun suna zuwa akwatin katawut, wato mai daidaita wutar dake zuwa batir, idan RB106 ne zakaga an rubuta A1, A, F, D, E a jikinsa. D zuwa D, F zuwa F, A yana tafiya batir, A1 yana ba makulli da fitilu, E kuma jikin mota. In ba'a taɓa yiwa wayoyin aika-aika ba, ruwan ƙasa mai ratsin rawaya itace D, mai ratsin kore itace F, baƙa itace E. Wannan E ɗin dan Allah kada ka raina ta, damina ɗaya ta Kaduna ta isa ta cinye wajen da aka ɗaure ta, sai katawut ya rikice a ɗora laifi kan dinamo. Kankare wajen har ƙarfe yayi fari ka ɗaure da kyau.

Fanbel, danna tsakiyarsa da yatsa, ya ɗan lotsa kamar rabin inci. In ya saki baya caji, in ka matse da yawa kuma zai cinye bushin baya.

Yanzu gwajin da ke raba gardama. Kashe mota, zare wayoyin D da F daga dinamo, ka samu guntuwar waya ka haɗa bakunan biyu, sai ka ɗora mita tsakanin wannan guntuwar da jikin inji. Tada mota ka ƙara totur a hankali, a hankali fa nace, domin yanzu ba katawut a tsakani ba mai tare wutar. Dinamo mai lafiya zakaga mita ta haura da sauri ta wuce bolt 12, kada ka bari takai 20, sauke ƙafa ka kashe. In ta tsaya wajen rabin bolt zuwa 1 kwal ɗin ciki ake zargi, auna shi daga F zuwa ganga ya baka wajen om 6. In ta tsaya a 4 zuwa 5 amecha ce, wato abin dake juyawa a cikin gangar. In kuma shiru ba komai toh buɗe bayan ka duba buroshi.

Buroshi nan ne ƙurar hunturu take mana ɓarna, tana haɗuwa da mai ta zama kamar kwaɓaɓɓen gari, buroshin ya maƙale a gidansa baya sauka kan tagullar amecha. Goge da tsumma da ɗan fetur har ya dinga shiga da fita da kansa, in ya gajarce sifirin baya danna shi ka canza duka biyun, a Ori Apata ko Panteka in kayi haƙurin nema ana dacewa. Tagullar in tayi baƙi goge ta da samfefa mai laushi irin ta kafinta, banda ta ƙarfe saboda burbushinta yana haɗa wuta tsakanin layukan. Kafin ka mayar ɗiga man inji kaɗan a ramin bushin baya.

Akwai abu ɗaya da yaran yanzu basu sani ba saboda altaneta suka tarar. Land Rover ɗin kafin 1967 kan fositib ne ke zuwa jikin mota, yawancinsu kuma tuni an juya su. Duk sanda aka juya batir ko aka kawo wani dinamo daga kasuwa sai an nuna masa hanyar da zai bi, ka ɗauko waya daga kan batir ɗin da baya zuwa jikin mota ka ɗan taɓa F sau biyu uku, taɓawa kawai har kaga tartsatsi, shikenan. Amma wannan na Lucas ne, Bosch na ƙwaro daban yake, shi sai ka cire bel, ka kai bakinsa mai rubutun DF jikin inji, ka ba mai rubutun D+ wuta daga batir na ɗan lokaci kaɗan, zakaga ya juya kamar mota. Kada ka cakuɗa su wlh zaka ƙona katawut.

In dinamo yaci gwaji amma har yanzu batir baya cika, saura wayoyi da akwatin. Mayar da komai ka tada mota, buɗe murfin akwatin ka ƙara totur kana kallo, ya kamata kaga bakin katawut ya rufe da kansa wajen bolt 13, a kan batir kuma mita ta nuna 13 da rabi zuwa 14 da ɗoriya. Jar fitila ta ɗan haska a silo ba matsala bane, haka dinamo yake, sai inji ya ɗan ɗaga yake caji sosai, shiyasa mai yawan tsayuwa a go-slow ɗin Kawo da dare da fitilu a kunne batir ɗinsa ke sanyi. Bakunan in sun yi datti goge su, amma sukurorin saiti ka barwa wanda ya iya.

Sai ka kashe mota ka sake leƙawa, dole bakin katawut ya buɗe. In ya manne batir zai koma yana zuba wuta cikin dinamo har amecha ta ƙone, in kaga haka ko kaji ganga tana zafi mota a kashe, cire kan batir nan take kafin ka taɓa komai.