Yadda ake zaɓar kaɗe-kaɗen kishin ƙasa don wasan gargajiyar Ailan da na ƙauyukan Amurka

Makaɗan da ke haɗa gargajiyar Ailan da kiɗan tsaunukan Appalachia, wanda Amurkawa ke kira old-time, sukan sha gayyata a ranar 17 ga Maris, ranar Waliyyi Patrick, da ranar 4 ga Yuli, ranar samun 'yancin Amurka, kuma kusan kullum mai gayya yakan ce a sa kiɗan kishin ƙasa. Wahalar aikin ita ce kowane take yana ɗauke da tarihinsa ko da ba a rera baiti ɗaya ba.

Mataki na farko shi ne a tambayi mai gayya ko su wane ne za su zauna a gaban makaɗa, da kuma dalilin taron. Bikin 4 ga Yuli a filin gari yana son kiɗa mai tashe, amma ranar tunawa da sojojin da suka mutu, wadda ake yi a Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, tana son mai taushi kamar "The Minstrel Boy" ta Thomas Moore, wadda sojoji 'yan asalin Ailan suka riƙa rerawa a yaƙin basasar Amurka.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne cin lokaci, shi ne binciken asalin kowane take kafin a sa shi a jeri. "Garryowen" kiɗa ne mai daɗi daga yankin Limerick, sai dai shi ne taken rundunar dawakai ta 7 ta sojan Amurka ƙarƙashin George Custer, wadda ta afka wa 'yan ƙabilar Cheyenne a kogin Washita a 1868, saboda haka bai dace da taron da 'yan ƙabilun Amurka na asali, irin su Cheyenne, za su halarta ba. "Dixie" ta Daniel Emmett, ta 1859, ta zama tambarin jihohin kudu masu riƙon bayi, don haka a ganina gara a bar ta gaba ɗaya. A ɓangaren Ailan kuma, "Boolavogue" tana tuna boren 1798, "The Foggy Dew" tana tuna boren Ista na 1916 a Dublin, dukansu na masu adawa da mulkin Birtaniya ne, yayin da "The Boyne Water" take murnar nasarar Sarki William na Ingila a 1690, wadda masu goyon bayan Birtaniya ke alfahari da ita. Wanda ya kaɗa ɗaya daga cikinsu a taron da ya haɗa mutanen Arewacin Ailan na ɓangarorin biyu, masu goyon bayan mulkin Birtaniya da masu adawa da shi, ya ɗauki ɓangare, ko ya sani ko bai sani ba.

Na uku, a gina jerin a kan kaɗe-kaɗen da al'adun biyu suka yi tarayya a kansu. "Soldier's Joy" da "The Girl I Left Behind Me" suna hannun kowane makaɗi a ɓangarorin biyu. Daga gefen Amurka a ƙara "Liberty" da "Eighth of January", wadda ke tuna yaƙin New Orleans na 8 ga Janairun 1815.

Na huɗu, a jera su bisa matakin sauti. Mai banjo, wadda asalinta ke komawa ga kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma, dangin molo da gurmi, sai ya sake saita tsirkiyoyinsa duk lokacin da aka canja mataki, kuma babu abin da ke kashe taro kamar a bar jama'a suna kallonsa ya kara kunne yana murɗa ƙusoshin tsirkiya. Sarewar kwano ta 'yan Ailan ta fi sakewa a matakan sautin da ake kira D da G. Tun da "Soldier's Joy", "Liberty" da "Eighth of January" duka a D suke, sai a kaɗa su a jere kafin a koma G.

A nan ne kuma za a daidaita tsawon kowane kiɗa, domin makaɗan Ailan sun saba sarƙa take uku, kowanne sau biyu ko uku, masu gogen old-time kuwa sukan riƙe take ɗaya su yi ta juya shi. A yi yarjejeniya tun a wajen gwaji a kan alamar tsayawa, kamar ɗaga ƙafa, wadda dama makaɗan old-time suka saba da ita.

Taken ƙasa shi ne abu na ƙarshe da za a yanke shawara a kai. "Amhrán na bhFiann", wanda ya zama taken Ailan a 1926, a ƙarshen taro aka saba kaɗa shi, jama'a na tsaye. Taken Amurka kuwa a farko ake yin sa, kuma yana hawa sama ƙwarai, saboda haka idan jama'a za su rera, a bar mawaƙi ya zaɓi matakin da muryarsa za ta kai, makaɗa su bi shi.