Darasi na Tara: Rage Ƙiba da Ƙarfafa Jiki Bayan Shekara Arba'in

Ƙibar da take bayyana bayan shekara 40 takan taru ne a hankali, rabin kilo bana, kilo ɗaya baɗi, har sai ranar da mutum ya ɗauko wandon da ya saba sawa shekara biyar da suka wuce ya ga ƙugun ya ƙi haɗuwa, ko kuma ya sunkuya zai ɗaure takalmi ya ji numfashinsa yana sarƙewa. Da yawa daga cikinmu idan haka ta faru sai mu ce tsufa ne ya zo, mu rungume hannu. Wannan darasi zai nuna muku cewa akwai abin yi, kuma abin da ake bukata a rage bai kai yawan da mutane suke tsammani ba.

Me ya sa jiki yake sauyawa?

An daɗe ana cewa da zarar mutum ya kai arba'in jikinsa ya daina ƙona abinci kamar dā. Wani babban bincike da aka wallafa a shekarar 2021, wanda ya duba mutane fiye da 6,000 daga ƙasashe 29, ya gano cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, yadda jiki yake ƙona abinci ba ya sauyawa sosai daga shekara 20 har zuwa shekara 60. Abin da yake sauyawa shi ne yadda muke rayuwa. Wanda dā yake tafiya da ƙafa yanzu abin hawa yake shiga, wanda dā yake aikin ƙarfi yanzu yana zaune yana ba da umarni, amma cin abincinsa yana nan yadda yake, wani ma ya ƙaru saboda hali ya samu. Sannan tsoka tana raguwa. Daga shekara 30 zuwa sama, mutumin da ba ya motsa jiki yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a kowace shekara goma, kitse kuma ya maye gurbinta. Ga mata akwai ƙarin dalili, domin idan jinin al'ada ya zo ɗaukewa, wanda galibi yake faruwa tsakanin shekara 45 da 55, kitsen da dā yake zama a cinya da ɗuwawu yakan koma ciki.

Kitsen ciki shi ne abin damuwa. Wani sashensa yana can ciki kewaye da hanta da hanji, kuma shi ne yake da alaƙa ta kusa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka mutum yana iya kasancewa ba shi da jiki sosai a hannu da ƙafa, amma teɓarsa kaɗai ta isa ta jefa shi cikin haɗari.

Yadda za ku auna kanku

Likitoci suna amfani da wani lissafi da ake kira BMI. Ana ɗaukar tsawon mutum da mita a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Misali, macen da take da nauyin kilo 84 da tsawon mita 1.65 za ta ninka 1.65 sau 1.65, ta samu 2.72, sannan ta raba 84 da 2.72, ta samu kusan 31. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce wadda take bukatar kulawa.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, kuma a ganina ta fi amfani ga mai matsakaicin shekaru, domin kai tsaye ciki take aunawa. Ku samu zare mai tsawo, ku tsaya daidai ba takalmi, ku taka bakinsa da diddige, ku ja shi har tsakar kanku, ku yanke. Sai ku ninka shi biyu ku zagaya shi a ƙugunku, ɗan sama da cibiya, bayan kun fitar da numfashi ba tare da kun shanye cikin ba. Idan bakin zaren biyu suka haɗu, ƙugunku bai wuce rabin tsawonku ba, haka ake so. Idan suka ƙi haɗuwa, tazarar da ta rage tsakaninsu ita ce aikin da yake gabanku. Ku adana zaren, domin za ku sake bukatarsa.

Nawa ya kamata a rage?

A nan ne mutane suke karaya tun ba su fara ba, domin sukan sa wa ransu sai sun koma jikinsu na samartaka. Jiki yana fara amfana tun daga lokacin da aka rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi. A Amurka an bi diddigin mutane fiye da 3,000 waɗanda sukarin jininsu ya fara hawa amma ciwon bai kama su ba tukuna, aka wallafa sakamakon a shekarar 2002. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin ɗari a cikin kimanin shekara uku. Ga macen da muka yi misali da ita, kashi 7 cikin ɗari bai wuce kilo 6 ba. Idan tana rage rabin kilo a mako, wata uku sun ishe ta. Gwiwoyinta ma za su shaida, domin kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa nauyin kimanin kilo huɗu a kowane taku.

Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da jiki yake iya ɗauka. Wanda ya hana kansa abinci gaba ɗaya zai ga sikeli ya sauka da sauri a makon farko, amma yawancin abin da ya tafi ruwa ne da tsoka, kuma idan yunwa ta ci ƙarfinsa ya koma cin abinci, kitse ne zai dawo. Haka kuma ina roƙonku ku guji shayi da ƙwayoyi da ake tallatawa da sunan narkar da tumbi cikin kwana bakwai. Da yawansu gudawa ko yawan fitsari kawai suke sawa, wasu kuma suna iya illa ga ƙoda da hanta.

Abin da ake ci da abin da ake sha

Wuri mafi sauƙin farawa shi ne abin sha, saboda zaƙin da aka sha ba ya ƙosarwa. Gwangwani ɗaya na lemo mai gas, mai cin mililita 330, yakan ɗauki sukari kusan giram 35, wato ƙaramin cokali takwas zuwa tara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babban mutum, idan ya tsaya a giram 25 ma ya fi. Na biyu shi ne mai. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake bai wa jiki, alhali giram ɗaya na sitaci, irin na hatsi, yana da 4, shi ya sa abin da aka soya yake ƙara ƙiba fiye da irinsa da aka dafa ko aka gasa. Idan kun zo zuba abinci, ku bai wa ganye da kayan lambu rabin faranti, ku raba sauran rabin tsakanin hatsi da abin gina jiki kamar wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse. Kada a rage abin gina jiki da sunan rage ƙiba, domin da shi tsoka take tsayuwa. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, a haɗa har da wanda yake cikin sinadaran ɗanɗano.

Barci ma yana da hannu a ciki. Wanda ba ya samun kimanin awa bakwai a dare yakan wayi gari da yawan jin yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Motsa jiki

Ma'aunin da aka amince da shi ga manya shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ya cika minti 150, kuma ana iya raba shi minti goma-goma. Tafiya da sassarfa ta wadatar. Alamar cewa kun kai saurin da ake so ita ce kuna iya magana da abokin tafiyarku amma ba za ku iya rera waƙa ba. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙara minti biyar duk mako, sannu ba ta hana zuwa.

Tafiya kaɗai ba ta isa ta riƙe tsoka ba, don haka ake so a ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, kuma wannan shi ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi. Ba ya bukatar kayan aiki. Ku jingina kujera mai ƙwari da bango, ku zauna a bakinta, ku harɗe hannuwa a ƙirji, ku miƙe tsaye ba tare da dafa komai ba, sannan ku koma ku zauna a hankali kamar akwai ƙwai a kan kujerar. Ku yi sau goma, ku huta, ku sake. Bayan haka ku fuskanci bango, ku dafa shi da tafin hannu biyu daidai kafaɗa, ku kai ƙirjinku kusa da shi ku tura kanku baya, shi ma sau goma. Cinyoyi za su yi tsami kwana ɗaya ko biyu da farko, wannan ba abin tsoro ba ne.

Wanda yake da ciwon zuciya ko hawan jini ko ciwon sukari ya fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya, musamman mai shan maganin sukari ko mai yin allurar insulin, domin rage abinci da ƙara motsi suna iya saukar da sukarinsa fiye da kima. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya ɗauke masa yana cikin motsa jiki, ya tsaya nan take ya nemi likita. Haka nan wanda ya ga yana ramewa alhali bai sauya komai ba, ya je a duba shi.

Aikin wannan mako

Ku yi gwajin zare, ku auna tazarar da ta rage da yatsunku, ku rubuta adadin yatsun da kwanan wata a littafinku. Ku lissafa kashi 5 cikin ɗari na nauyinku ta hanyar raba shi da 20, ku rubuta amsar a ƙarƙashinsa. Sannan ku ja layi bakwai, ɗaya ga kowace rana, ku riƙa rubuta mintin da kuka yi kuna tafiya da yawan cokalin sukarin da kuka sha, ku zo da littafin aji na gaba domin mu haɗa jimillar tare.