Yadda za ka tantance garanti kafin ka sayi agogo mai tsada da aka riga aka yi amfani da shi

Duk wanda zai zuba miliyoyin naira a kan Rolex ko Omega da wani ya riga ya ɗaura, ya kamata tun kafin a shiga ciniki ya san wanda zai ɗauki nauyin gyara idan injin ya samu matsala. Masu sayarwa sukan ce "yana da garanti", amma wannan magana tana iya nufin alkawarin kamfanin da ya ƙera agogon, tana kuma iya nufin alkawarin mai shago kaɗai, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Ka fara neman katin garanti, ka duba kwanan watan da ke jikinsa. Garantin kamfani yana fara aiki ne daga ranar da dillalin da kamfanin ya amince da shi ya sayar da agogon karo na farko, kuma a wajen manyan kamfanoni da dama yana bin agogon ne duk hannun da ya shiga. Rolex yana ba da shekara biyar ga agogunan da aka sayar tun daga watan Yuli na 2015, Omega ya koma shekara biyar daga Yuli na 2018, Tudor kuma daga 2020. Saboda haka Rolex ɗin da aka sayar a Maris na 2022 garantinsa zai ƙare a Maris na 2027, ko da kai ne mutum na uku da ya mallake shi. Cartier da IWC da Jaeger-LeCoultre suna farawa da shekara biyu, suna tsawaitawa har zuwa takwas idan an yi wa agogon rajista a shafinsu na intanet, don haka ka tambayi mai sayarwa ko an yi rajistar, ya kuma nuna maka shaida.

Daga nan ka gwada lambar da ke kan katin da wadda aka zana a jikin agogon. A sababbin Rolex lambar tana kan zoben ciki da ke ƙarƙashin gilashi, daidai wajen ƙarfe shida, a tsofaffi kuwa sai an cire madauri ake ganinta. Idan ko harafi ɗaya ya bambanta, katin ba na wannan agogon ba ne. Katin da babu kwanan wata ko shaidar dillali a kansa alama ce ta cewa agogon ya fito ta bayan fage, kuma kamfani yana iya ƙin karɓarsa.

Inda aka fi yin asara shi ne abin da aka yi wa agogon bayan ya bar shago. Kati yana iya nuna saura shekara uku, amma idan wani mai gyara da kamfani bai san da shi ba ya taɓa buɗe bayan agogon ya sauya wani abu a ciki, alkawarin ya rushe. Haka nan idan an jera masa duwatsun lu'ulu'u daga baya, ko an sauya fuskarsa ko zobensa da wanda ba na kamfani ba. A ganina agogon da aka yi wa irin wannan ado ya kamata a yi cinikinsa a matsayin marar garanti, komai kyawun takardunsa. Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye ko an taɓa buɗe shi da kuma inda aka buɗe. Idan a cibiyar kamfani aka yi masa sabis, wannan ƙarin daraja ce, domin Rolex yana ba da garantin shekara biyu a kan cikakken sabis ɗin da ya yi, kuma yana bayar da takarda.

Ka kuma sani cewa garanti yana rufe lahanin ƙira ne kawai. Faɗuwa, fashewar gilashi, ƙarzuwa, tsufan madaurin fata, ɓata da sata duk ba sa ciki, waɗannan aikin inshora ne. Batun ruwa yana da muhimmanci ga mai yin alwala da agogo a hannu, domin robobin da ke hana ruwa shiga suna bushewa da shekaru, kuma idan ruwa ya shiga saboda an bar maɓallin saita lokaci a buɗe ba a ɗaure shi ba, kai ne za ka biya. Ka nemi a yi gwajin ruwa a gabanka kafin ka karɓa.

Idan garantin kamfani ya ƙare, abin da ya rage shi ne na mai shago, kuma wannan sai a rubuce. Takardar ta faɗi tsawon lokaci, da sassan da aka rufe, da wanda zai yi gyaran, da wanda zai biya kuɗin aikawa. Wanda ya sayo agogo a Dubai ko Jidda ya dawo da shi Kano zai iya tarar da cewa alkawarin ba ya aiki sai ya mayar da agogon can da kuɗinsa. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce shirin da Rolex ya fara a Disamba na 2022, inda dillalansa ke sayar da agogunan da aka riga aka yi amfani da su waɗanda kamfanin ya tantance, tare da sabon garantin shekara biyu da ke aiki a ƙasashe daban-daban, sai dai farashinsu ya fi na kasuwa.

Kafin ka biya, ka bincika lambar agogon a rumbun The Watch Register da ke Landan, inda ake rajistar agogunan da aka sace, domin agogon sata yana iya maƙalewa a cibiyar gyara ranar da ka kai shi. Idan ta intanet za ka saya, ka zaɓi wurin da ke riƙe kuɗi har kaya su iso hannunka, kamar yadda shafin cinikin agoguna na Chrono24 yake yi. Idan hannu da hannu ne, ku yi yarjejeniyar cewa ƙwararren da kai ka zaɓa zai duba agogon kafin ka cika kuɗi, sannan a rubuta lambar agogon da sharuɗɗan garantin a kan rasit ɗin da mai sayarwa ya sa wa hannu.