In 'yan sanda sun faɗo gidanka neman ƙwaya bisa kuskure, ga yadda za ka bi haƙƙinka

Duk wanda ke Maradi ya san yadda maganar tramol da diyazafam da wiwi ta yi ƙamari, kayan na shigowa ta hanyar Ɗan Issa da ƙananan hanyoyin daji, su kuma 'yan OCRTIS, wato ofishin 'yan sanda mai yaƙi da fataucin ƙwaya, da jandarmomi suna ta kame. Babu mai cewa kar su yi aikinsu. Matsalar ita ce yawancin samamen nan da tsegumi ake yinsa, wani ya rada musu "gida mai jan ƙyaure bayan masallaci", to a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo gida nawa ne mai jan ƙyaure bayan masallaci? Wani lokacin ma mai tsegumin da gangan ya nuna gidanka saboda rikicin fili ko bashi. Sai a birkice maka ɗaki, a tada iyali, ba a samu komi ba, a ce maka "a yi haƙuri Alhaji" a tahi. Haƙurin nan ba ya gyara ƙofa kuma ba ya wanke suna.

Tun suna bakin ƙofa, kar ka ɗauki adda ko taɓarya ko da ka zaci ɓarayi ne, kar kuma ka bari samarin gida su haura katanga, gudu kaɗai ya isa ya sa a ce da abin da kake ɓoyewa. A Amurka, garin Louisville, cikin watan Maris na 2020 'yan sanda sunka fasa ƙofar wata mata Breonna Taylor da tsakar dare, saurayinta ya zaci 'yan fashi ne ya yi harbi sau ɗaya, su kuma sunka buɗe wuta ta mutu nan take, ba a samu ƙwaya a gidan ba. Daga baya garin ya biya danginta dala miliyan 12, amma rai ya riga ya tahi. In kana shakkar ko jami'ai ne na gaske, don yanzu da 'yan bindiga kowa na iya sa kaki, sa wani ya kira 17, lambar 'yan sanda, ko ya kira mai unguwa, kai kuma ka yi magana da su ta bayan ƙofa cikin ladabi.

Da ka buɗe, tambayi wane ne shugaban tawagar, daga wace komisariya ko birgad suke, kuma sunan wa suke nema. Wannan ta ƙarshen ita ta fi muhimmanci, sau da yawa nan take kuskuren ke bayyana, ka miƙa kartarka su ga sunan ba ɗaya ba ne. Ka tambayi kuma da izinin wa sunka zo, na alƙali mai bincike ne ko na porokira ne, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, ko dai yardarka suke nema. In yardarka ce suke so a rubuce, ka karanta kafin ka sa hannu. In sun ƙi ba ka amsa kar ka tsaya gardama a zaure, riƙe abin a ranka, zai yi amfani gobe. Ka roƙi a ba mata minti biyu su sa hijabi su koma gefe guda da yara.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa. Doka ta ce binciken gida a gaban mai gidan ake yinsa, in ba shi nan to wakilinsa ko shedu biyu. Saboda haka kar ka yarda a zaunar da kai a waje su su shiga ɗakuna su kaɗai, ka ce ranka ya daɗe ina so in bi ku ɗaki ɗaki, kuma ka nemi mai unguwa ko liman ko maƙwabci dattijo ya tsaya. Ba wai ana zargin kowa ba ne, amma ƙunshin leda ɗaya in ya fito daga ƙarƙashin katifa ba ka nan, da bakin wa za ka musanta? Duk abin da za su ɗauka, salula ce, kuɗi ne, babur ne, a ƙirga a gabanka a rubuta. Kuɗi musamman, 'yan kasuwarmu da yawa suna aje sefa da naira a gida, to a ƙirga jaka jaka da ƙarfi kowa na ji, a rubuta adadin, a rufe a buga hatimi. Sannan akwai takardar rahoton binciken, wadda suke kira PV, da Faransanci take, in ba ka yi lakwal ba ka ce a karanta maka a fassara ko ka kira ɗanka mai karatu. Ka tabbata an rubuta cewa ba a samu komi ba. In abin da ke ciki ba haka ya faru ba kana da damar ƙin sa hannu, sai su rubuta ka ƙi, wannan ba laifi ba ne.

In sun ce sai ka bi su, bi su. Tsarewar bincike a ƙa'ida awa 48 ce ana iya sabuntawa da izinin porokira, kan maganar ƙwaya tana iya ɗara haka. Kana da haƙƙin lauya tun daga kamu, ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, ta faɗi haka ƙarara. Kuma kar dangi su fara tara kuɗin "sulhu" a bayan komisariya, wanda ya biya a sake shi ya amsa laifin da bai yi ba, bakinsa ya mutu.

Bayan sun tahi kar a share, kar a gyara. Ɗauki hoto da bidiyo na ƙofar da anka ɓalle, kwaɗon da anka fasa, akwatunan, komi, sannan ka zauna a ranar ka rubuta lokacin da sunka zo, su nawa ne, lambar mota in wani ya gani, da sunayen maƙwabtan da sunka shaida. In da hali ka kira wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya zo ya rubuta ɓarnar a hukumance, ana biyansa amma takardarsa na da nauyi gaban alƙali fiye da hotunan salula. Wanda anka buga ko tsohuwar da hawan jininta ya tashi, a kai su likita ranar nan a karɓo sartifika, kwana uku in sun wuce kumburi ya sace shikenan. Rasit ɗin mai walda da na kafinta duk a aje.

Sai kai ƙara. Rubuta takarda zuwa ga porokira na babbar kotun Maradi, ka faɗi abin da ya faru ba zagi ba ƙari, ka haɗa kofen hotuna da sartifika, ka riƙe na asali wurinka, kuma kar ka baro wurin sai an buga maka tambarin karɓa a kan kofenka da kwanan wata. Porokira shi ke sa ido kan aikin jami'an bincike, don haka wurinsa ne ƙofar farko. Ka aika irin takardar ga daraktan 'yan sanda na jiha, ko kwamandan jandarma in su ne, akwai kuma sufetocin IGSS a Yamai masu binciken halayyar jami'an tsaro. Shiga gidan mutum ba bisa ƙa'ida ba laifi ne a dokar Nijar ko da jami'i ne ya yi. In an yi shiru da ƙararka, kana iya shigar da ita kai tsaye wurin alƙali mai bincike a matsayin wanda anka cuta, sai dai ana aje wasu kuɗi na jingina. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya, mafi yawan lauyoyin ma Yamai suke, ya tambayi ofishin ANAJJ a kotun, aikinsu ke nan taimakon talaka kan shari'a, ko ya leƙa wurin 'yan ANDDH, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, su duba masa takardun.

Facebook da TikTok kuwa a yi hattara. Zuciya na tafasa mutum ya saki bidiyo ya kama sunan jami'i yana zagi, sai a juya maganar ta koma ɓata suna a intanet ƙarƙashin dokar 2019, kai da ke da gaskiya ka koma mai kare kai. Bidiyon ka ba lauya, kar ka ba gurup.

Saura suna. A Maradi in an ce "an shiga gidan wane neman ƙwaya", kafin la'asar labari ya kai Kasuwa Babba, mai ba ka kaya bashi ya fara ja da baya, masu neman ɗiyarka su yi sanyi. Don haka cikin buƙatunka ka sa a ba ka shaida a rubuce cewa ba a samu komi ba kuma ba kai ake nema ba, ka nemi mai unguwa da shedun da sunka tsaya su faɗa a masallaci bayan sallar magariba. In wayarka ko kuɗinka na hannunsu har yanzu, rubuta takardar neman a maido maka zuwa ga porokira, ka sa lambar PV ɗin a sama, ka koma bayan mako guda ka tambayi inda ta kwana.