Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaga hannun babur ɗin ƙanƙara da saita shi

Shekarar da na sayi babur ɗin ƙanƙara na farko, a wani ƙaramin gari da ke arewacin Ontariyo a Kanada, ban yi mako biyu da shi ba na yanke hukuncin cewa hannunsa ya yi ƙasa da yawa. Kafaɗuna suna ciwo, mashin ɗin kuma sai fizge-fizge yake yi hagu da dama a kan hanya. Ni da na taso ina hawan babur a Zariya, gani nake ba abin da wani zai koya mini a kan abu mai hannu da totur. Na sayo ƙarin wuya mai inci 6, wato ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin hannu don ya ɗaga shi sama, na ɗaura shi da daddare a gareji. Da safe na tayar da inji, na murɗa hannu zuwa hagu zan fita, sai kawai inji ya ɗauki kuka shi kaɗai, alhali yatsana ko kusa da totur bai je ba. Mashin ya zabura, ya kwashe ni sai cikin tarin itacen maƙwabcina. Allah Ya kiyaye, gilashin gaba ne kawai ya fashe. Dattijon ya fito riƙe da kofinsa, bai ce mini uffan ba. Ya kama wayar totur da yatsu biyu, ya nuna mini yadda ta miƙe tsam kamar tsirkiyar goge.

Ga wanda bai taɓa ganin wannan mashin ba, a baya yana tafiya ne a kan bel ɗin roba mai haƙora irin na katafila, a gaba kuma takalma biyu ne dogaye masu sulɓi a madadin taya. Joseph-Armand Bombardier ya fitar da Ski-Doo a garin Valcourt na lardin Kubek da ke Kanada a 1959, shi ya sa har yau mutane da yawa a Kanada kowane iri suka gani sukan kira shi da wannan suna, ko da Polaris ne daga Roseau ko Arctic Cat daga Thief River Falls, duka biyun a jihar Minesota ta Amurka, ko Lynx da ake ƙerawa a Rovaniemi ta ƙasar Finlan. Tuƙinsa ba rikici: hannu yana juya sandar sitiyari, sandar tana tura tayarod biyu, su kuma su karkata takalman. A ƙarƙashin kowane takalmi akwai wani siririn ƙarfe mai bakin kabaid, mu ce wuƙa, wanda shi ne yake cizon ƙanƙara idan za a sha kwana.

Kuskuren da na yi, wanda kuma nake ganin an fi maimaitawa, shi ne ƙara tsawon wuya a bar wayoyi yadda suke. Daga hannu zuwa cikin mashin akwai wayar totur, da bututun man birki, da wayoyin lantarki na makashin inji da na ɗumama hannu. Kamfani ya bar musu ɗan sarari ne daidai tsayin da ya ƙera. Wani mashin zai ɗauki ƙarin inci 2 ba matsala, wani ko wannan ba zai ɗauka ba. Idan wayar totur ta gaza, murɗa hannu kaɗai ya isa ya buɗe mai. Wasu mashinan suna da makunnin kariya da ke kashe inji idan mai ya buɗe alhali ba a danna totur ba, amma ni tsohon mashin na saya a hannun wani, kuma wanda ya sayar mini ya riga ya cire nasa. Gyaran shi ne a sayi doguwar waya da dogon bututun birki tare da wuyan, rana ɗaya. Bayan an ɗaura, a ɗaga bayan mashin a kan abin jinginarwa yadda bel ba zai taɓa ƙasa ba, a ɗaura igiyar kashe inji a jikin riga, a tayar, sannan a murɗa hannu har ƙarshe hagu da dama a hankali ana sauraro. Idan kukan inji ya canza ko kaɗan, kada mashin ya fita. A duba kuma ko waya ta lanƙwashe sosai a wani wuri, domin a sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifili roba takan taurare, ɗan ruwan da ya shiga waya ya daskare a daidai lanƙwasar, totur ya maƙale.

Wanda ya canza bututun birki dole ya fitar da iska, ya zuba man da aka rubuta a murfin, galibi DOT 4. Birkin da ya yi laushi kamar soso iska ce a ciki.

To amma abin da ya fi ba ni haushi daga baya shi ne, fizge-fizgen da ya sa na sayi wuyan bai ragu ba ko kaɗan, domin tun farko matsalar ba a hannu take ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Mashin da ke fizgewa yana bin sawun waɗanda suka riga shi wucewa, mafi yawa takalmansa ne suka haɗe baki. Ya kamata gabansu ya ɗan buɗe fiye da bayansu, kamar milimita 3 a yawancin mashinan hanya, sai dai in littafin mashin ya faɗi wani abu daban. Idan gaban ya fi bayan matsewa, kowane takalmi yana neman ya shiga gaban ɗan'uwansa, duk wanda ya fi samun ciji a wannan daƙiƙa shi zai ja mashin ɓangarensa. Awon ba wuya, amma mutane suna yin sa a baibai. Da farko a tabbatar bel ɗin baya yana tsakiya daidai, domin da shi za a gwada komai. A miƙar da hannu. A ɗaura roba mai talewa tsakanin bakin takalman biyu, ba da ƙarfi ba, don kawai ta ɗauke wasan da ke cikin gaɓoɓi. Sannan a auna tazarar da ke tsakanin wuƙaƙen biyu, a gaba da a baya, nisa ɗaya daga ƙusar da ta riƙe takalmin. Wanda ya auna daga gefen robar takalmi ya yaudari kansa, don roba tana karkacewa da tsufa. Idan za a gyara, a sassauta notin tayarod a juya sandar. A nan ma akwai tarko: galibi ɗaya daga cikin notin biyu bahago ne, hagu yake ɗauruwa. Na ga wanda ya sa dogon sifana ya hau kansa da ƙarfi yana zaton tsatsa ce, har ya cinye haƙoran.

Akwai kuma wata 'yar roba da ke zaune tsakanin takalmi da ƙafar da ke riƙe shi. Ba a cika kula da ita ba, ga ta da araha. Idan ta lotsa, gaban wuƙa yakan sunkuya ya riƙa cafkar kowane tsagi a hanya. A canza ta, ko a sa ɗan siririn abu a ƙarƙashin bayanta don nauyi ya koma bayan wuƙa. Kafin duk wannan, a ɗaga gaban mashin a jijjiga takalmi da hannu. Idan yana wasa hannun tuƙi bai motsa ba, gaɓoɓin tayarod ko bush ɗin sandar sitiyari sun cinye, kuma ba saitin da zai zauna a kan gaɓar da ta mutu.

Sai masu kukan cewa hannu ya yi nauyi, su ma su garzaya wajen dogon wuya ko faffaɗan hannu don su sami ƙarfin murɗawa. Nauyin hannu daga nauyin da ke kan takalma yake zuwa, wannan kuma ana raba shi ne a cikin bel ɗin baya. Akwai shoka ta tsakiya a gaban bel ɗin, da wata ɗamara da ke hana gaban bel sauka ƙasa da yawa. Idan aka ƙara ɗaure sifirin na shokar tsakiya, ko aka sassauta ɗamarar, gaban bel zai ɗauki nauyi, takalma su yi sauƙi, hannu ya yi laushi. Amma in aka wuce gona da iri, za ka murɗa hannu a kwana mashin ya ci gaba da tafiya miƙe abinsa. Idan aka gajarta ɗamarar, takalma za su ciji sosai, kafaɗa kuma ta biya kuɗin. A taɓa abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta inda yake kafin a taɓa, a hau hanyar da aka sani a ji bambanci. Wanda ya juya abu huɗu rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Haka ma ƙusoshin da ake dasawa a jikin bel don ya kama daskararriyar ƙanƙara. Su da wuƙaƙen gaba kishiyoyi ne, dole a daidaita su. Mai ƙusoshi da yawa a baya da gajeriyar wuƙa mai inci 4 a gaba, bayansa zai rinjayi gabansa, kwana ta gagare shi. Mai doguwar wuƙa ta inci 8 ba ƙusa ko ɗaya, bayan ne zai riƙa zamewa, hannu kuma ya yi nauyin tsiya.

Idan an gama da ƙasa, sai a zo kan tsayin hannu, domin wani lokaci lallai yana buƙatar gyara. Tambayar farko ita ce a zaune kake tuƙi ko a tsaye. Tsofaffin mashinai a zaune ake hawansu, ƙafa a miƙe gaba, hannu a ƙasa. Tun da Ski-Doo ya fito da ƙirar REV a 2003, wadda ta matso da mahayi gaba ta ɗaga mazauni, tashi tsaye a kan gargada ya zama abu mai sauƙi, sauran kamfanoni ma suka bi sawu. Mai tafiya a shararriyar hanya, irin hanyoyin Kubek da suka haura kilomita 30,000, yawancin ranarsa a zaune yake. Shi abin da yake so shi ne ya zauna da cikakkun kayan sanyinsa, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kafaɗa a sauke, wuyan hannu a miƙe. Na ce da cikakkun kaya domin mutane suna gwadawa a gareji da 'yar shimi, su fita da jibgegiyar riga da safar hannu mai kauri su tarar komai ya canza. Idan ya ɗaga hannu fiye da haka, hannuwansa sun fita daga inuwar gilashi, iska tana dukansu kai tsaye, kuma a kwana ba zai iya zamowa gefe ya kwantar da jikinsa ciki ba. Wannan zamowar kuwa ita ce tuƙin. Babur yana kwanciya cikin kwana, wannan mashin a kan taurin hanya ƙoƙarin kifewa waje yake yi, takalmin ciki yana ɗagawa, jikin mahayi ne ke danne shi.

Mai hawan duwatsu a Biritish Kolombiya ko Alaska, a tsaye yake wuni, a cikin dusar da ƙafa ke nutsewa har cinya. Mashinsa ma daban ne, tazarar takalmansa kusan inci 36 ko ƙasa da haka, yayin da na hanya ke kaiwa 42 zuwa 43, don ya iya kwantar da shi a gefe ɗaya. A can ne dogon wuya ya fi yaudarar mutane, domin a fili mai shimfiɗa yana da daɗi, ba ka sunkuyawa. Da ka fuskanci hawa, gaban mashin ya ɗaga, hannun ya zo maka ƙirji, ya tura ka baya a lokacin da nauyinka ya kamata ya kasance gaba. In kana ratsa gangare a kaikaice, hannun da ke ɓangaren kwari ya yi maka nisa. A ganina, idan ka tsaya a kan matakan ƙafa, gwiwa a ɗan karye, hannu ya zo wajen ƙugu, ya isa. Dogayen mutane ma sukan yi mamakin yadda gajeren wuya ke ba su iko.

Akwai wuya mai juyawa gaba da baya, shi ma ana ɓata shi. Mutum ya tura shi gaba sosai don ya sami wurin tsayawa, sai hannu ya daina juyawa a kan tsakiyarsa, ya koma lilo gefe da gefe. Mafari mai kyau shi ne wuya ya bi layin sandar sitiyari, daga nan a ɗan matsa in da buƙata. Kowane inci da aka ƙara kuma ƙarin ƙarfi ne a kan sandar, ranar da mashin ya kife, dogon wuya ya fi saurin lanƙwasa ta. A tabbatar kaurin ya dace: akwai hannu mai milimita 22, akwai mai kaurin tsakiya na kusan 28.6, maƙallin wannan ba ya riƙe wancan. Kusoshi huɗun maƙalli a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, giɓin gaba da na baya su zo daidai sai in littafi ya ce a rufe ɓangare ɗaya tukuna, da sifana mai awon ƙarfi. Alminiyom ba ya son "ƙara kaɗan".

Da an juya hannu ko an ɗaga shi, mariƙin birki da na totur sun tashi daga inda suke. A sassauta su a maido: na birki ya bi layin damtse yadda yatsa ɗaya ko biyu za su same shi ba tare da karya wuyan hannu ba, a zaune da a tsaye, tukunyar man birki kuma kada ta karkace har ramin cikinta ya sha iska. A murɗa hannu har ƙarshe a ga ko wani abu yana taɓa gilashi ko murfin tanki.

Nawa mashin, bayan na canza robar takalma na buɗe bakinsu milimita 3, fizge-fizgen ya tsaya. Na cire wuyan inci 6 na sa mai inci 2, wayoyin asali suka isa har da saura. Dogon yana nan rataye a bangon gareji, kusa da fasasshen gilashin.